Kiran Juma'a a Gidan Inna Hajo

Turmin Inna Hajo ya bar bakin murhu ya koma kusurwar danga ta gabas, a kife. Masu shiga gidan ba su kula ba. Ni na kula, don a nan dangarsu ta haɗu da tamu. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na ga kanta ya leƙo sama da dangar, tana tsaye a kan turmin, hannunta a miƙe da waya kamar mai shanya. A duk gidan, nan kaɗai shabaka ke kamawa, wato intanet.

An haifi Inna Hajo a Basunda. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katagum a ƙafa za su hajji, damina ta tsayar da su, suka yi noma, ba su ƙara gaba ba. Aure ya kawo ta Gadarif. Shekara talatin da 'yan kai tana dama godogodo, kunun geron nan mai kauri, tana kaiwa bakin kasuwar hatsi inda 'yan dako ke karyawa. Mijinta Malam Mudi ya yi yankan riɗi a gonakin Fashaga har bayansa ya ƙi. Ɗansu namiji ɗaya ne, Tijjani. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, tun da ya tafi sai ta ce "mutumin Libiya".

Tafiyar ce ta shiga tsakaninsa da uban. Malam Mudi ya hana, Tijjani ya bi mota, uban ya ce a gaban mutane bai yafe ba. Shekara huɗu ke nan. A kakar 2018 ciwon ƙirji ya kwantar da Malam Mudi, ya ce wa matarsa yana so ya janye maganar nan kafin ya tafi, kuma a kunnen yaron.

Tijjani ba shi da layin kira. Aikin gini yake yi, ranar Juma'a kaɗai maigidansa ke barin su hau intanet ɗin shago na ɗan lokaci, sai ya kira ta watsab. Ni aka nema in duba wayar, don ni ce na yi jami'a a layinmu. Na nuna mata ƙaramin harafin E a sama, na ce kamfani na ba da gudu na kwanakin farko ne, in kason ya ƙare sai a rage. Ga kaka, gari ya cika da masu yankan riɗi, kowa ya rataya a ƙarfen shabaka ɗaya. Kira ba zai kai minti ɗaya ba.

"Wato dabaibayi suka yi masa, kamar jaki," in ji ta.

Na tsaya a gefe da kiran ya shigo.

"Salamu alaikum, Inna."

"Wa alaikumus salam. Kaif, kana lafiya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya gida? Ya Baba?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya aikin? Ya mutanen da kuke tare?"

Muryarsa ta kakkarye, ta ja kamar ƙarƙashin ruwa, ta ɗauke. Muka jira har la'asar, bai sake shigowa ba.

Juma'a ta biyu ma haka. A ta uku na yi ƙarfin hali na ce, "Inna Hajo, da kin bar gaisuwar kin fara da maganar."

Ta dube ni. "Ke Hajar, haka ake koya muku a jami'ar? Mutum yana ƙasar wasu, ban ji kwanansa ba, in jefa masa ciwon ubansa a ka?"

"To in rubuta masa. Rubutu na wucewa ko shabaka ba ƙarfi."

"Ya karanta shi kaɗai a kan bulo? A'a."

Na ce a ɗauki muryar Malam a aika. Daga cikin ɗaki ya amsa, yana tari, cewa shi ba ya magana da kwalin waya, sai ya ji yaron ya ce amin. Wayar tana hannuna a lokacin. Da na so, layi ɗaya ne zan rubuta wa Tijjani, ba wanda zai sani. Na miƙa mata abarta na koma gida.

A Juma'a ta huɗu maƙwabta biyu suka ɗauko Malam Mudi a kan angarib, gadon igiya, suka ajiye shi a kusurwar. Tun safe matarsa ke bita da shi.

"Malam, ba gaisuwa. Da ya ɗauka ka ce na yafe maka. Shi ke nan."

"Na ji. Yau kuma ke ce ke hana gaisuwa? Ke da kike gaida akuyar mutane."

Ta yi dariya, ta gyara masa matashi. Ni na hau kan turmin na ɗaga wayar, na buɗe murya don kowa ya ji. Ta yi ƙara, na taɓa.

"Salamu alaikum."

"Ga babanka," in ji Inna Hajo da sauri.

Shekara huɗu Tijjani bai ji muryar uban ba. Sai ya ce, a hankali, "Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Malam Mudi ya yunƙura kan gwiwar hannu. "Lafiya lau. Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ya baƙunta? Kana samun..."

Na ga ƙidayar ta tsaya a daƙiƙa talatin da ɗaya. Malam Mudi ya ci gaba da magana, ya faɗi abin da ya shirya har sau biyu, kafin na iya buɗe baki in ce masa layin ya yanke.

A satin nan gari ya tashi kan tsadar burodi, hayaƙi ya rufe wajen kasuwa. Da safiyar Juma'a Malam Mudi ya aiko a kira ni, ya ce in ɗauko kwalin, ya yarda a ɗauki muryarsa. Na kara masa wayar a baki. Daƙiƙa tara ya yi, rabi numfashi ne. Na aika, sai ɗan hoton agogo ya fito a gefen saƙon, alamar bai tafi ba. A ranar aka toshe watsab a ƙasar duka. Aka ce akwai wata manhaja da ake zagaye toshewar da ita, na yi ta ƙoƙarin saukewa har azahar, ta kai kashi shida cikin ɗari ta tsaya. Kira bai shigo ba.

Da la'asar Malam Mudi ya daina gane masu shiga. Inna Hajo ta tambaye ni ko ya tafi, saƙon take nufi. Na ce tukuna. Ta karɓi wayar ta ɗaure a bakin mayafinta, ta shiga ɗaki ta auno gero, ta zauna bakin ƙofa inda za ta riƙa jin numfashinsa, ta fara tsince tsakuwa.