Iyakar da Aka Yanka wa Labaran

Labaran ba ɗan birni ba ne, kuma mutanen Ƙofar Kibo ba su taɓa barinsa ya manta ba. Daga wani ƙauye na hanyar Soba ya shigo Zariya yana saurayi, ya kawo dawa kasuwa, sai ya ga masu ɗinkin babbar riga zaune a zauren Malam Yakubu, ya tsaya kallo har rana ta karkata. Bai sake komawa gona ba. Ya daɗe yana share musu zaure kafin a yarda ya taɓa allura, kuma ko da ya ƙware har ya wuce su duka, sunansa a bakinsu bai tashi daga Baƙauye ba. Ni teburin zare da allura nake da shi a ƙofar zauren, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Aikin zauren na Alhaji Jalo ne. Shi ke kawo shadda an riga an zana ta, ya raba wa maɗinka, ya biya su ladan ɗinki, ya kwashi rigunan zuwa Kano da Legas ya sayar yadda ya ga dama. Gwani yakan cinye wata guda a kan riga mai aska takwas, amma Labaran kafin wata ya mutu ya gama biyu ya kama ta uku. Ba ya hira, ba ya dara, ɗaurin aure ma sai wanda ya zama dole. 'Yan zauren suka ce haɗama ce. Ƙasimu, wanda ya gaji allura tun daga kakansa amma ya fi gwanancewa a kan gyangyaɗi, shi ya fi kowa yayata wannan magana.

Ba haɗama ba ce, tsoro ne. Wannan sai daga baya na ji daga bakin matarsa Talatu. Ya taɓa zuwa Kano da sunan ta'aziyya, ashe asibitin ido ya je, likita ya ce masa ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa, kuma ganin zai yi ta tsukewa har ya ɗauke. A sana'ar nan ba a faɗin ciwon ido. Ranar da aka ji, ranar aka daina ba ka aiki, don babu mai damƙa shaddarsa ga wanda zai makance gobe. Shi ya sa kullum da safe Talatu ke zura masa zare a allurai masu yawa, ya jera su a cikin hularsa, yana zarowa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya lura. Burinsa ɗaya ne: ya sayi injin niƙa kafin duhun ya rufe shi, shi da Talatu su riƙa ci da shi. Ya rantse ba za a taɓa jansa da sanda zuwa bakin masallacin Juma'a yana miƙa hannu ba.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, kowane akawu ya ga shi ma ya isa babbar riga. Aiki ya yi wa zauren yawa, Alhaji Jalo ya sayi mota sabuwa fil ya ɗora bene a kan gidansa, ladan ɗinki kuwa ko motsi bai yi ba. A lokacin ne Kabir, ɗan Malam Yakubu da ke karatu a jami'a can Samaru, ya zo hutu da gemu tsiri-tsiri da baki cike da magana.

"Baba, sistem ɗin ne ba daidai ba," ya ce wa mahaifinsa a gaban kowa. "Ku kuna lanƙwashe kuna ɗinki, wani na gina bene da bayanku. Ba cewa na yi a ƙwace kasuwar kowa ba. Iyaka za a yanka. A ce samun mutum ya tsaya nan, abin da ya haura a maida wa jama'a. Da haka ake gyara jari-hujja."

Maganar ta yi wa kowa daɗi, ni ma har da gyaɗa kai. Sai wani ya tambaya wa zai je ya gaya wa Alhaji Jalo an yanka masa iyaka. Aka yi dariya, don rabin 'yan zauren a gidajen hayarsa suke, ragowar kuma shi ke ba su hatsi in damina ta yi tsanani. Dariyar na lafawa Ƙasimu ya juya ya kalli lungun da Labaran ke duƙe a kan aikinsa.

"To ai gyara daga gida yake farawa," in ji shi. "Mu ma nan akwai mai cin rabon mutum uku."

Kabir ya koma makaranta bai ma san abin da ya bari ba. Mako bai zagayo ba Malam Yakubu ya tara zaure aka yanke magana: riga ɗaya a wata ga kowa, wanda ya gama da wuri ya zauna ya jira 'yan'uwansa. Alhaji Jalo ya sa albarka har da rabon goro. Me zai hana shi? Dama Labaran ya fara neman a ƙara masa lada, yanzu an ɗaure masa shi kyauta.

"Malam, a yi mini afuwa ko na shekara ɗaya," Labaran ya roƙi Malam Yakubu, yana durƙushe. "Akwai abin da ke gabana."

"Mene ne a gabanka da babu a gaban kowa?"

In Labaran ya faɗi gaskiya, ko rigar ɗayar ma ya rasa.

"Ka gani?" in ji Ƙasimu. "Son duniya ne kawai. Mutumin ƙauye bai san ya ƙoshi ba."

Na sha ganin mugunta, amma ban taɓa ganin wadda aka yi mata wanka aka sa mata sunan adalci kamar wannan ba. Labaran ya gama rigarsa wata bai yi rabi ba, ya zauna hannu rabbana yana kallon Ƙasimu na barci da allura a hannu. Kuɗin inji kuwa kullum gaba yake yi, kamar komai a shekarun nan.

Ƙarshe ya je Tudun Wada a ɓoye ya karɓo aiki wurin wani dillali. Ɗinkin riga aikin haske ne, shi ya sa ake yinsa a bakin zaure ko ƙarƙashin bishiya. Amma gidan da Labaran ke haya gidan yawa ne, in ya baza shadda a tsakar gida kafin azahar labari ya kai zaure. Sai ya riƙa cewa ba shi da lafiya, ya shige ɗakinsa mai taga kamar tafin hannu, ya saki asabari, ya yi ta ɗinki cikin duhun da ko mai lafiyayyen ido ba zai jure ba. Talatu ta yi kuka ta yi magiya, ya ce mata kowace riga taku ɗaya ce zuwa ga inji. Ganin da likita ya ce zai kai shi wasu shekaru, a ɗakin nan ya ƙone shi cikin watanni.

Wata ranar Laraba da hantsi dillalin nan ya faɗo zauren yana huci, ya warware riga a tsakiyar mutane. Aska bakwai da farin zare, ta takwas da zaren tsamiya mai ruwan ƙasa-ƙasa, abin da ko ɗan koyo ba zai haɗa ba. Ya ce a nuna masa Labaran, ya ɓata masa rigar wani babban mutum. Nan take aka gane ya karya doka. Amma Ƙasimu ya fi kowa saurin gane ɗaya abin. Ya tako teburina ya ɗauki sabuwar allura da zare, ya miƙa masa.

"Malam Labaran, ɗan zura mana mu gani."

Labaran ya karɓa. Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar sama wajen haske, ya kai zaren ya wuce ta gefe. Ya sake, ya sake. Gumi na bin gemunsa, manyan mutane masu furfura suna zaune suna kallo ba wanda ya ce a bari. Da allurar ta suɓuce ta faɗi, ya durƙusa yana lalube a tabarma, ga ta nan a gaban gwiwarsa tana ƙyalli.

"Ashe makaho muke ta takara da shi," in ji Ƙasimu. Aka sami masu dariya.

Kafin la'asar Alhaji Jalo ya aiko a karɓe shaddar da ke hannun Labaran. Abin da ya tara na inji, mafi yawansa ya tafi a biyan rigar da ta ɓaci. Dokar riga ɗaya kuwa ba a ma yi zaman soke ta ba. Watan gaba na ga Ƙasimu ya karɓi biyu, ba wanda ya ɗaga kai. Inji ya zo unguwar daga baya, Alhaji Jalo ne ya kafa shi, Talatu kuma tana cikin masu kai niƙa.

Labaran ya koma mabuga, inda ake bugun riguna da itace su yi sheƙi, don aikin nan ba ya neman ido. Ƙarfi yake nema, shi kuwa shekarun duƙo sun cinye masa baya. Ran da aka samu ya buga, ran da samari suka riga shi ya zauna a bakin ƙofa ya jingina da bango. Ya rame, amma ko goro ba ya karɓa a hannun kowa in ba ladan aiki ba.

A nan na tarar da shi wata rana, ba a ba shi bugu ba tun farkon mako, sai ga Kabir ya tsaya da mota, ya zama babban ma'aikaci a Kaduna, ya kawo rigarsa a buga. Da Kabir ya gane shi ya rusuna ya gaishe shi, na kuma ga abin ya taɓa shi da gaske, don an ba shi labari.

"Baba Labaran, wallahi ba ku nake nufi ba. Manya nake nufi."

"Na sani, Kabiru," in ji Labaran. "Ni ne babban da hannunsu ya kai gare shi."

Kabir ya laluba aljihu, ya kamo hannun Labaran ya sa masa takardar kuɗi, irin yadda ake yi a bakin masallaci. Na tsaya ina jiran ya jefar. Hannun ya daɗe a buɗe a kan gwiwarsa, leɓensa na motsi ba sauti. Sannan a hankali ya dunƙule shi.

"Allah ya ba da lada," ya ce.