Hoton da Taisiya Ta Ɗauka Kafin Tashi

Taisiya Lapshina ta yi furfura tana ɗaukar hoto a filin gwajin jiragen sama da ke bayan Mosko, amma mutane ba sa cikin aikinta. Fukafukai take ɗauka, da hancin jirgi, da duk inda iska ta ci fenti. A filin nan ba a ɗaukar mai shirin tashi hoto, wai wanda aka ɗauka ba ya dawowa.

Mijinta Rodiyon matuƙi ne. Babban injiniya, Arkadi Fomich Zubarev, shi ya yi ta fiƙe fiffiken jirgi don iska ta daina riƙe shi in ya wuce gudun sauti. Rodiyon ya ce fiffiken yana rawa. Zubarev ya ce a'a, hannun matuƙin ne ke rawa. Fiffiken ya ɓalle a sama, Rodiyon ya mutu, aka ɗora wa mamaci laifi. Ranar jana'iza Zubarev ya sha miyar kabeji kwano biyu a gidanta. Kwano na biyun nan ya tsaya mata a maƙogwaro shekara da shekaru, tana gaishe shi kullum tana tsanarsa.

Da aka ƙera sabon jirgi, Zubarev ya cika baki gaban manya daga ma'aikata, ya ce shi da kansa zai zauna a kujerar baya. Kujerar shugabancin filin yake hange. Taisiya ta bari matuƙin sabon jirgin ya shige, ɗan mutane ba ruwansa. Sai da Zubarev ya kai rabin tsani ta matso. Rama cuta ga macuci ibada ne.

"Arkadi Fomich, ɗan juyo nan. Murmushi mana!"

Ƙyas!

"Ke Taisiya! Kin haukace ne? Kafin tashi?"

"Haba, mai ilimi kamarka da camfi? Ko dai fiffiken ne ba ka yarda da shi ba?"

Ya dubi fiffiken, ya dubi kyamara. Ya sauko yana riƙe ciki, wai abincin safe ne bai karɓe shi ba. Jirgi ya tashi babu shi, ya dawo lafiya lau. Kujerar shugabancin ta tafi ga wani, ita kuma aka kore ta, ko a jikinta.

Hoton ya fito tas, sai hannunsa na dama da ya dushe a kan tsani. Ta kai maƙabarta, ta jingina shi da dutsen kabarin mijinta.

"Rodiyon, tashi ka ga wanda hannunsa ke rawa."