Ranar da Inna Ta Rufe Tukunya

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, ina koyarwa a wani ƙauye bayan Gangara. Motoci fal a kwaltar Jibiya, amma mu ba ma ganin ƙeyar mota sai Lahadi, ranar kasuwa. Maiɗakina kuwa naƙudar fari ta zo mata ranar Talata. Har wayewar Laraba shiru, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta.

A amalanken shanu muka ɗauko ta. Tun hantsi muke tafe, sai azahar muka iso bakin iyaka a Magama, ta daina ko nishi. Ga manyan motoci jere sun fuskanci Katsina, suna jiran kwastan. Na roƙi direba uku, har da ɗan Turancina na malamai. Kowa ya ce sai an gama duba kayansa.

Sai ga wata tsohuwa mai tuwo, gajera, kowa Inna yake ce mata. Ta ɗaga mayafin maiɗakina, ta duba idonta, ta koma rumfa ta rufe tukunyar miya, ta ɗora dutse a kai.

"Ba mai cin tuwo nan sai ɗiyar ga ta tahi Katsina!"

Ashe haka take yi duk ran da aka kawo marar lafiya daga ƙauye, kuma kaf iyakar ba tuwo sai nata. Wani direba da ya riga ya wanke hannu ya ce, "Haba Inna, tun jiya ban ci ba."

"Kai da aka haifa bakin titi, mi ka sani? Tashi!"

Wallahi ya tashi, ya ɗauke mu a motarsa. Ɗan kwastan da kansa ya ɗaga masa sandan shinge, muka wuce. Ko la'asar ba a kira ba muna asibiti. Ban taɓa ganin mace mai kwarjinin tsohuwar nan ba, har gobe ina yi mata addu'a.

Aka yi aiki, maiɗakina ta rayu. Bayan sati biyu muka biyo da kaji, mu yi godiya. Inna ta leƙa bayan maiɗakina, ba goyo. Ta zuba mata tuwo da hannunta.

"Ci, ɗiyata. Malam, mai da kajinka. In ta sake samun ciki, wata takwas ka kawo mini ita. Ɗakina bakin kwalta yake."