Abin da Na Gaya wa Baturiya a Al Rigga

Shekara biyar na yi ina koyar da Faransanci a wata sakandare a Dubai. Littattafan da muke karantawa da manyan ɗalibai kusan duk labarinsu ɗaya: 'yar manoma ta yi boko, ta shiga birni, ta dawo tana jin kunyar uwarta. Haushin 'yan matan nan nake ji ƙwarai. Har tsaki nakan ja a aji, in ce wannan rashin mutunci sai Turawa.

A 2018 na kawo Inna daga ƙauyenmu don a yi mata aikin ido. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta jerawa da ni a hanya. Ranar da muka je kasuwar Naif sayen tsaraba, ƙwace ƙunshin kayan ta yi ta ɗora a ka, ta biyo bayana da silifas ɗinta. Na yi magiya har na gaji.

Muna fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga sai ga shugabar sashenmu, Bafaranshiya. Inna ta lura babba ce, ta sauke kaya ta durƙusa har ƙasa tana gaishe ta, mutane suna ratse mu.

Baturiyar ta tambaye ni ko sabuwar mai aikina ce.

Kunya ce ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Sai na ji bakina ya ce, da Faransancina mai kyau, "Wata 'yar garinmu ce."

Da muka isa gida Inna ta ce, "Ke, me kika ce da matar nan?"

"Cewa na yi ke kika haife ni."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kai, ja'ira! A bainar jama'a? Ba ki da ta ido." Amma ina ganin kafaɗunta suna rawa don dariya.

Sau da yawa na yi niyyar gaya mata gaskiya, na kasa. Ta rasu lokacin korona, babu jirgin da zai kai ni gida. Ƙanwarta ce ta kira ni tana rarrashina.

"Daina kuka, ai ke kin gama mata komai. Babu gidan da ba ta shiga ba a garin nan tana ba da labari, wai a gaban Baturiya kika nuna ta kika ce ga uwarki."