Ranar da Malam Bitrus Ya Tambaye Ni Ƙarshen Littafi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Bitrus, kuma duk satin nan na kasa zama wuri ɗaya. In shiga kemis ɗina, in fito, in koma in gyara kwalin da ba ya buƙatar gyara. Wata mata ta zo sayen maganin tari, sai da ta faɗa sau uku kafin na ji. Dalili kuwa shi ne majalisarmu ta ɗora mini wani aikin da zan yi ranar Asabar mai zuwa. Kowa yana ganin aikin minti goma ne: in miƙe tsaye in faɗi yadda wani littafi ya ƙare. Abin da ba su sani ba shi ne, a lokacin da suka ɗora mini aikin, ni kaina ban san ƙarshen ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Bitrus malamin kimiyya ne a wata sakandare, mutumin Kudancin Kaduna, amma ya shekara talatin da ɗoriya a Tarauni, har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Shi ya kafa majalisar, a kan benci biyu ƙarƙashin wata darbejiya a Gyadi-Gyadi, duk Asabar bayan La'asar. Ba siyasa muke yi ba, ba ƙwallo ba. Littattafan ƙage muke karantawa, irin na jiragen da ke tafiya tsakanin taurari, da injina masu tunani, da garuruwan matsafa, da dodanni masu fukafukai. Mutanen unguwa suka sa mana suna 'yan duniyar wata. Wani dattijo ya taɓa tsayawa ya saurare mu na ɗan lokaci, sannan ya tambaya ko muna da iyali.

A lokacin littafi wuya yake. Kwafi ɗaya ake samowa a gwanjo, shi zai zagaye mutum goma. Saboda haka Malam Bitrus ya tsara mana yadda za mu yi. Wanda ya kawo littafi zai ba da labarinsa da Hausa har zuwa wajen rabi, ya tsaya. Daga nan masu so su shiga layi, littafi ya riƙa tafiya hannu zuwa hannu. Sai na ƙarshe a layi ya gama, sannan a sa rana a faɗi ƙarshen a bainar jama'a. Wannan rana muna ce mata buɗe tukunya. An yi haka ne saboda irin su Ɗanlami, direban adaidaita sahu da ya zo daga ƙauye yake zaune a Ƙauyen Alu. Ba ya karanta Turanci, amma ya fi mu duka riƙe labari. Yakan ajiye kekensa a gefen titi, fasinja na ɗaga hannu yana kawar da kai, ya jira wata huɗu don ya ji ko yarinyar ta kuɓuta daga hannun dodo.

Doka biyu ce kawai. Ta farko, ba ka yabon littafin da ba ka gama ba. Malam yakan ce wannan kamar yabon tela ne tun ba ka karɓi ɗinkinka ba. Ta biyu, ba ka faɗin ƙarshe kafin ranar buɗe tukunya, ko da uwarka ce ta tambaye ka. Wanda ya karya ɗaya, Asabar biyu zai zo ya zauna baki a rufe. Ga masu surutu irinmu, wannan ya fi bulala zafi.

Ni na karya ta farko, kuma ba wanda ya kama ni. Na yi Asabar uku ban kawo komai ba, Malam yana ta zolayata wai takardar cikin kwalin magani kaɗai nake karantawa. Abin ya ci mini rai fiye da yadda na nuna. A ta huɗu sai na zo da wani ƙaton littafi, saura shafi sittin in gama shi, na ɗaga shi sama na ce ban taɓa karanta irinsa ba, ƙarshensa ma sai wanda ya gani. Labarin wasu mutane ne da suka shekara ɗari uku cikin jirgi suna neman sabuwar duniya, sai saƙo ya iso daga gida cewa su juyo, ƙasa ta gyaru. Jama'ar jirgi suka rabu biyu. Mabuɗin juya jirgin kuwa yana hannun wata tsohuwa mai kula da lambu, wadda ba ta taɓa ganin gidan da ake magana ba. Na ba da labarin nan da gishirinsa, har Ɗanlami ya miƙe tsaye bai sani ba. Malam Bitrus shi ya fara ɗaga hannu ya shiga layi. Na san abin da ya ja shi. Danginsa sun shekara suna masa maganar ya tattara ya koma gida.

Na ce zan kawo masa ranar Litinin, da niyyar in ƙarasa ranar Lahadi. Ban ƙarasa ba. Wanda ya san karatu ya san wannan cutar: da ka riga ka sha yabon littafi, sai zafin gama shi ya huce. Na ce masa ƙanina ya ɗauka. Na sake cewa ƙanin ya yi tafiya. Ana cikin haka ciwon ƙodar da yake ta fama da shi ya kwantar da shi.

Na je duba shi a asibiti wata rana bayan Azahar. Ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun yi rauni, ko takardar magani ba ya iya gani. Matarsa, Maman Talatu, tana gefe tana masa fifita. Muna gama gaisawa ya kamo hannuna.

"Likita," haka yake kirana don tsokana, "tsohuwar nan mai mabuɗi, ta juya jirgin ko ta wuce?"

Na yi dariya. "Haba Malam, kai da ka kafa dokar? Ka tashi ka karanta da idonka."

"Ni na kafa ta, ni na ɗage ta. Faɗa mini."

"Sai ka warke," na ce.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na fito ina cewa a raina yau ɗin nan zan karanta, gobe in dawo in ba shi mamaki. A ranar kaya suka iso daga kasuwa. Washegari ɗaurin auren ɗan yayana a Hotoro. Rana ta uku ban ma san abin da ya cinye ta ba. Na dai ƙudurta ba zan koma hannu rabbana ba, sai da ƙarshen labari a bakina. Rana ta huɗu da hantsi aka kira ni a waya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabon da na sha. A wajen zaman makoki wani ɗan'uwansa ya ba da labarin, ya ce ku ga aboki na gaskiya, har ranar ƙarshe bai yarda Malam zai tafi ba, ya ce masa sai ka warke. Mutane suna ta gyaɗa kai. Na sunkuyar da kai na karɓa. 'Yan majalisa kuma suka ce littafin a layin Malam yake, ba mai tsallake shi. Haka tukunyar ta zauna a rufe. Ni kuwa na sa littafin a ƙasan akwati, na ɗora kaya a kai. Duk lokacin da na yi niyyar buɗe shi sai in ji kamar zan ci abincin da aka zuba wa wani.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga majalisar yau. Benci na nan, amma yawancin hirar ta koma WhatsApp, da mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Littafin da muke jira wata shida yanzu yana shigowa waya kafin shayi ya huce. Matasa suna rubuta irin waɗannan labarai da Hausa, jirginsu yana tashi daga bayan Darmanawa, aljaninsu yana hawa adaidaita. Wannan na tabbata zai sa shi rawa a tsakiyar titi. Injin da ake tambaya ya ba da amsa kuwa, ai shi ya daɗe yana gaya mana yana tafe, muna masa dariya. Na san da ya kwana biyu yana musu da shi kamar ɗalibi mai taurin kai.

Amma akwai abin da zai ɓata masa rai. Yanzu yaro zai jero maka littafi goma a sati ɗaya, wai duk ya karanta, alhali inji ne ya taƙaita masa. Wani kuma ya jefo ƙarshen labari a tsakiyar hira, ya bi shi da hoton dariya. Kuma ku ji wanda aka naɗa mai tsaron doka bayan Malam: ni. Ni nake faɗa, ni nake rufe baki. Bara wata ɗalibar jami'a ta amsa da bakinta cewa saura mata babi biyu a littafin da ta yaba, na yanke mata Asabar biyu ba sassauci, har da nasiha a kai. Yarinyar ta ba da haƙuri. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba.

Ɗanlami ne ya tayar da maganar a watan jiya. Furfura ta fara fito masa yanzu. Ya ce ya ji Maman Talatu za ta bar Kano, za ta koma gida wajen 'yarta, kuma bai kamata ta tafi tukunyar mijinta na rufe ba. "Malam Habibu," ya ce da ni, "shekara bakwai ina tuƙi ina tunanin tsohuwar nan. Wallahi wani lokacin har wuce fasinja nake. A taimaka a buɗe mana." Kowa ya amince. Aka gayyace ta, ta ce za ta zo.

Da farko na yi tunanin in tambayi inji, minti ɗaya ya ishe ni, in je in faɗa kamar na daɗe da sani. Har na ɗauko wayar. Sai na ajiye, na sa hula, na tafi Tarauni da safiyar Talata. Na tarar da ita cikin kwalaye, tana ɗaure tukwane da tsumma. Na zauna a bakin kujera na faɗa mata komai, tun daga ranar da na ɗaga littafin sama. Ban yi wa kaina ado ba. Ta saurara ba ta daina ɗaurin ba.

"Ai ya sani," ta ce.

"Ya sani?" na ce.

"Kana fita ya ce mini, Habibu bai gama littafin nan ba. Wanda ya san ƙarshe in an tambaye shi, bakinsa ƙaiƙayi yake yi, da ƙyar yake dannewa. Shi kuwa Habibu ƙofa yake kallo."

"Ya ji haushina?"

"Wane haushi? Daɗi ma ya ji. Ya ce kunya za ta sa ka karanta a ranar, gobe ka zo da shi. Washegari tun Azahar ya sa na ɗaga masa filo, wai kada ka same shi a kwance. A rana ta uku kuwa, duk wanda ya turo ƙofa sai ya juya."

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce ban tambaya ba, kuma ta ga kayan da nake ɗauke da shi ya ishe ni. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ba ni ruwa na sha, ta ce sai Asabar.

Shekara bakwai ina jin kunyar ƙaryar da na yi, ashe ƙaryar ba ta dame shi ba. Ni da nake ganin na ɓoye masa wani abu, shi zuwana kawai yake jira. Da na koma washegari na ce Malam ban gama ba, ga littafin, bari in karanta maka sauran, da ya zage ni son ransa, mu yi dariya, mu ji ƙarshen tare. Girman kai ne ya hana ni, ba doka ba, ba kuma ƙauna ba kamar yadda aka faɗa a wajen makoki. Ina so wanda ya faɗi haka, in yana karanta wannan, ya janye yabonsa.

Idan na auna abin da Malam Bitrus ya bari, ba littattafansa ba ne, yawancinsu sun yage ko sun ɓace a hannun masu aro. Dokokinsa ma ban san ko za su kai wata shekara bakwai ba. Abin da na ga ya zauna shi ne ɗabi'ar da ya koya mana ta jiran na baya: malamin jami'a ya riƙe bakinsa wata huɗu saboda direba bai ji ba tukuna, Musulmi da Kirista su zauna benci ɗaya suna musu a kan wata tsohuwa da ba a taɓa haifa ba. Shi mai jiran mutane ne. Ni ma ya jira ni.

Shekaranjiya Laraba na ciro littafin daga ƙasan akwati, na tafi da shi kemis, na zauna bayan kanta na karanta shafi sittin ɗin. Ba zan faɗi abin da tsohuwar ta yi a nan ba, Ɗanlami ya riga ku shiga layi. Abin da zan faɗa shi ne na duba agogo da na fara, na duba da na gama. Awa ɗaya da rabi, har da tashin da na yi sau biyu na sallami masu sayen magani. Daga kemis ɗina zuwa asibitin da ya kwanta kuwa bai kai tafiyar minti ashirin a adaidaita ba. Rana ɗaya ta ishe ni, har da saura. Shi kuwa kwana huɗu ya ba ni.