Dattijo Mai Fulas ɗin Ruwan Zafi

A kasuwar kayan lantarki ta Shenzhen, Qiu Lan tana zaune a shagonta tana kallon wani siririn dattijo, tabaraunsa ɗaure da zare, fulas a hammata. Kullum sai ya zo shagon maƙwabcinta, ya sayi ma'aunin zafi mai araha, ya jona da ƴar na'urarsa, ya tsoma a tafasasshen ruwan da ke cikin fulas ɗin.

"Jama'a ku duba! Maimakon ɗari, wai tamanin!" in ji dattijon.

"Baba, rufa mini asiri, zan canza maka," in ji mai shagon.

"Za ka canza mini ƙwan kunkuruna da ma'auninka ya dafa?"

Qiu tana zaton kunkurun da yake kiwo ne kaɗai iyalinsa. Masu saye suna ta zamewa. Dattijon ya rufe fulas a hankali, yana murmushi.

"Sai gobe, ɗana."