Jego Ba Naƙuda

Matar da asibiti ya haɗa mu da ita don ta koya mini son ɗana tana da wata murya mai laushi, irin wadda ake lallashin mai taɓin hankali da ita. Ni kuwa na zauna gabanta da digirina biyu ina gyaɗa kai. Bayan shekara goma da ɗoriya da aure ba haihuwa, ko rawa aka ce in taka a bakin titi zan taka.

Ƙwan nawa ne, irin na maigidana ne, mahaifar ce kawai ta aro. Wata Baturiya mai 'ya'ya uku a Springfield ta jihar Virginia, nan Amurka, ita ta ɗauki cikin. Abin da malamai suka ce a kan haka, da gishirin da dangi suka ƙara, zancen wata rana ne. Mu dai duk ƙarshen mako sai mu taso daga gidanmu a Germantown, mu sha cunkoson motoci, mu je gaishe da cikin wata.

Mai laushin murya ta ce dole yaro ya san muryata tun yana ciki. Sai na ɗauki muryata a waya ina karanta Fatiha ina ba da tatsuniya, Baturiya ta riƙa kara wa cikinta. Allah kaɗai ya san yadda yaron ya ɗauki abin. Ina jin ya zaci maƙwabta ne suka kunna rediyo.

Ranar da aka haife shi aka ce in cire riga in manna shi a ƙirjina, fata da fata. In dube shi ido cikin ido. In kira sunansa, don asibitin nan ba ya jiran ranar suna. In ce masa ina sonsa, da ƙarfi, yadda zai ji. Duk na yi, ban bar ko ɗaya ba, sannan na tsaya jiran soyayyar da aka ce za ta sauko mini nan take. Ba abin da ya sauko sai tsoro. A hannun ubansa yaron nan lafiya lau yake barci, da an miƙo mini shi sai ya tsandara ihu kamar an ɗora shi a kan ƙaya.

Ana cikin haka Umma, mahaifiyata, ta iso daga Kano da akwati cike da gero da kanwa da yaji. Ta dube ni sama da ƙasa, ga ni garau cikin wando ina hawa bene da gudu.

"To ni wa zan yi wa wankan?" in ji ta.

Washegari ta dama kunun kanwa, ƙamshi ya cika gida, har na ɗauko kofi. Sai ta juye shi tas a fulas ta miƙa wa surukinta.

"Kai wa baiwar Allahn nan. Wadda ta sha wuya ita ke shan kunu."

Bawan Allah ya tuƙa mota har Virginia da kunu a gefensa. Baturiya ta aiko da godiya, wai kunun yana da ban sha'awa, wanda a bakin Bature ke nufin ya bi rariya. Ni kuma na shiga banɗaki na saki famfo na yi kuka. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. In har uwar da ta haife ni ba ta gan ni a matsayin mai jego ba, to ni mece ce a gidan nan? Mai raino?

Sai na ƙara ƙaimi. A gaban Umma nake sumbatar yaron, in kira sunansa da safe, in kira da rana, in yi ta shelar ina sonsa kamar mai tallan magani a tasha. Umma sai ta taɓe baki ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da jan carbinta.

Wata Asabar bayan suna mata suka zo barka daga Alexandria da sauran unguwanni: likitoci, matan injiniyoyi, da wata 'yar Nijar mai sayar da atamfa. Barka dai suka ce, amma kowa ya san ganin ƙwaƙwaf ne. Matar da aka gani da shafaffen ciki ranar Sallah, yau ga ta da jariri. A cikinsu akwai wata Hajiya dattijuwa da ba ta sami zuwa suna ba. Ta karɓi yaron da hannu ɗaya tana gyara gyale da ɗayan, kansa ya langaɓe, ya fasa kuka. Ban san lokacin da na zabura ba, kamar ni aka langaɓar.

"A hankali, Hajiya," na ce.

Yaron ya yi tsit, ya juyo da kai wajen da nake. Ba wanda ya lura sai ni.

"Maman yaro," in ji Hajiya, "me sunan angon nawa?"

Na buɗe baki. Sunan da na yi makonni ina rerawa ya ƙi fita. Na sunkuyar da kai, na ja mayafi na rufe ido, ni da ko ranar aurena ban yi wannan ba. Falo ya yi shiru, irin shirun da ake tara abin faɗa a mota in an tashi.

Daga ƙofar kicin sai muryar Umma.

"Haba Hajiya, ke ma dai. Ɗan farinta ne fa. A gabana kike so ta faɗa?"

Ta faɗi sunan da kanta. Mata suka kwashe da dariya suna tsokanata, wai ashe Amurka ba ta cinye ni duka ba. Umma ta juya ta koma kan tukunyarta, ko kallona ba ta yi ba.

Ni ma 'yar farinta ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na zauna cikin mayafin nan ina kuka, su kuwa suna ta dariya, sun zaci har yanzu kunyar ce.